Sawun Da Waliyyu Ya Share

Waliyyu ɗan kawuna ne, wato taubashina, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izinin faɗarsa tun daga kakanni. Ko ya ji haushi ba zai nuna ba, kuma wannan shi ne ainihin ciwonsa. Kara ce ta yi masa yawa. Idan ka taka masa ƙafa, shi zai riga ka cewa sannu.

A Kashin Zama aka haife shi, gidan manoman albasa. Tun muna yara aka gane inda ya dosa. Wata rana akuyar wani dattijo maƙwabcinsu ta tsallaka shinge ta yi wa irin albasar kawu aski tas. Waliyyu yana tsaye aka yi komai. Da kawu ya tambaye shi akuyar wa ce, sai ya sunkuyar da kai ya ce shi dai wata dabba ya gani mai ƙafa huɗu. Ba zai iya kama sunan dattijo a cikin ɓarna ba, ko da kuwa akuyarsa ce ta yi. To, tunda ba a samu mai akuya ba, sai aka nemo wanda ya shiga lambun a ƙarshe, aka ce shi ya bar ƙyaure a buɗe. Ni ne wannan mutumin, kuma kunnena na hagu har yau bai manta da kawu ba.

Na kawo labarin akuya ne don a san cewa abin da ya faru a shagonmu na Jega ba sabon hali ba ne. Hali zanen dutse, sai dai wannan karon a kan kwamfuta aka zana shi.

Shagon na Malam Magaji ne tun asali. Malam ya yi shekaru yana buga tafireta a wani ofis a Maiyama, da kwamfuta ta shigo sai ya koye ta da kansa, ya bar aikin, ya buɗe shago a Jega yana koya wa matasa. Bai tsaya ga buga takardu ba, har rubuta manhaja ya koya, da littattafan gwanjo da taurin kai. A hannunsa kawu ya damƙa Waliyyu bayan ya gama sakandare, da aka ga albasa ba ta karɓe shi ba. Malam ya koya masa komai, ya ciyar da shi, ya tsaya masa har ya yi karatun gaba, ranar aurensa ma shi ya karɓa masa. Waliyyu bai taɓa kiran sunan Magaji da bakinsa ba. Idan wani Magaji ya shigo shago, sai ya ce masa mai sunan Malam.

Babban aikin da shagon ke taƙama da shi shi ne manhajar wata ƙungiyar manoman albasa da ke Aliero. Aikinta ba shi da wuyar fahimta. Idan kakar albasa ta zo, manomi zai sanar da buhunan da ya tanada, manhaja ta raba su ga manyan motocin da suka iso don zuwa Kudu, sannan ta tura wa kowa saƙon tes cewa ranar kaza ce ranar lodinsa. Kafin ta, mutane kan kwaso albasa su jibge a tasha su yi ta zaman jiran mota, rana na dukan kaya, 'yan kamasho na dukan ƙirji. Malam ne ya rubuta tushen manhajar, kuma yana da wata ɗabi'a: duk fayil ɗin da ya rubuta, da sunansa yake farawa. Akwai magaji-rabo, akwai magaji-motoci, da sauransu. Ya ce maƙeri ma yana sa alama a jikin garmarsa. Waliyyu ya gaji ɗabi'ar, duk wanda ya zo baya ma haka.

Da idon Malam ya fara yi masa gardama, sai ya miƙa wa Waliyyu shago ya koma gonarsa a Mungadi. Ni kuma ina gefe da injin fotokofi da firinta, ina ɗaukar hoton fasfo. Ban iya rubuta manhaja ba, amma wanda ya zauna kusa da mai tuya ba ya rasa sanin ƙamshin mai.

Ga abin da na sani. Idan manhaja tana aiki ta ci karo da abin da ya fi ƙarfinta, takan kife, amma kafin ta kife takan zubo wani dogon rubutu a fuskar kwamfuta. Masu sana'ar suna ce masa sitak tires, mu a shago sawu muke ce masa. Bayani ne na wa ya aiki wa. Kamar a ce maigida ya aiki uwargida, ita ta aiki babban ɗa, shi ya aiki ƙaninsa, ƙanin ya fasa tulu a bakin rijiya. Sawu zai jero su duka layi bayan layi, har zuwa hannun da tulu ya suɓuce. Mai gyara sai ya bi layin ya je inda abin ya fashe.

Matsalar ita ce sawu yakan fito a hargitse, layuka cunkus, ƙananan haruffa, yawancinsu ma na kayan aron da aka ɗauko daga wasu wurare ne, ba ruwan mai gyara da su. Nan ne Waliyyu ya samu abin so. Wasu mazan suna kiwon tantabara, wasu suna bin ƙwallo, shi taubashina gyaran fuskar sawu ya sa a gaba. Ya rubuta 'yar na'urarsa ta musamman wadda ke karɓar wannan hargitsi ta tsefe shi. Layukan aro ta naɗe su ta ajiye gefe. Na gida ta jera su, kowane ya ɗan matsa ciki fiye da na samansa, kamar matakalar bene. Sunan fayil da launin shuɗi, lambar layi da ruwan ɗorawa, sannan layi na ƙarshe, inda tulu ya fashe, da ja, manya-manyan haruffa, yadda ko daga bakin ƙofa za ka karanta. Gaskiya abin ya yi kyau. Na taɓa ce masa da zai kula da gemunsa rabin yadda yake kula da sawu, da Hindu matarsa ta yi sadaka.

A farkon aikin nan ne wata rana manhaja ta kife a gaban wasu ɗalibai da ke koyon kwamfuta, jan layi ya fito ɓaro-ɓaro da sunan magaji-motoci. Ƙaramin abu ne, ba ma laifin fayil ɗin ba ne, wani ne ya shigar da lambar mota ba daidai ba. Amma wani ɗalibi mara ta-ido ya karanta da ƙarfi ya ce ashe Malam ma yana kuskure. Na ga Waliyyu ya yi zufa har wuya. A ranar ya ƙara wa na'urarsa doka guda: duk layin da ya fara da sunan Malam, a naɗe shi tare da kayan aro, kada ya fito.

Na ce masa, "Kai, wanga ba shi na labarin akuya ba?"

Ya ce, "Isa, ba ka ganewa. Aikin Malam ba shi kuskure. To mi ag amfanin injin shi dinga kiran sunan babba gaban yara, kuma da jan alƙalami?"

Na bar shi, don a lokacin gaskiyarsa ce, aikin Malam bai taɓa ba da matsala ba. Shekaru suka wuce, shi kansa ya daina tunawa da dokar, kamar yadda mutum ke mantawa da ƙusar da ya buga a bayan ƙofa.

A wancan lokacin Malam yakan zo ranar kasuwa. Zai hau kabu-kabu daga Mungadi, ya sayi abin da zai saya, ya shigo ya zauna a kujerar roba kusa da Waliyyu. Idan aka yi sa'a manhaja ta yi tuntuɓe yana nan, sai ya ciro tabarau ya matso ya bi layukan da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi, sannan ya mayar da tabarau aljihu ya ce madalla. Sannu a hankali zuwan nasa ya ja baya, har ya daina. Muka ce gwiwa ce da ido, Waliyyu ya riƙa aika masa man zafi.

Sai bara Mufida ta zo. 'Yar Aliero ce, ta gama karatun kwamfuta ta zauna gida tana ɗinkin hijabi don babu aiki. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Umar Faruk, shi ya yarda a ɗauke ta gwaji na kaka ɗaya, tunda manoma sun ƙaru, aiki ya fi ƙarfin mutum guda. Sharaɗin a fili yake: idan an gama kwashe albasa an ga amfaninta, ta zauna, in ba haka ba ta koma kan kekenta. Aka ba ta sashen tura saƙo ta sabunta shi, ta sa masa suna mufida-saƙo bisa al'adar shago. Yarinya ce mai shiru, amma idan ta kafa wa kwamfuta ido sai ka ji tausayin kwamfutar.

Ana tsakiyar kaka aka shiga wahalar man mota. Wata rana tirela ta zo, wata rana tasha fayau. A irin ranakun nan manhaja ta fara kifewa. Saƙo ba ya fita, manoma ba su san ko su kawo kaya ko su bari ba, wasu suka kwaso don gudun a wuce su, albasa ta kwana a rana tana gumi. Kuma duk lokacin da ta kife, jan layin Waliyyu mai kyan gani ya fito da suna ɗaya: mufida-saƙo.

Alhaji Umar Faruk bai san komai a kan manhaja ba, amma Waliyyu ya sauƙaƙa abin har ya kai ga Alhaji ma yana iya karantawa. Zai tsaya a bakin ƙofa da babbar rigarsa, ya hango ja, ya kaɗa kai.

"Wagga yarinya dai kullum ita ta. Waliyyu, mun yi shekaru ba mu ga haka ba sai da taz zo. Ni ban iya boko ba, amma na san ja."

Mufida ta warware sashenta ta sake ɗinkewa, ta sake warwarewa. Ta daina fita cin abinci, sai dai Hindu ta aiko mata fura. Wata rana da la'asar na same ta ta haɗa kai da tebur. Ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, wataƙila dai masu cewa kanta bai kai ba gaskiya suka faɗa, ɗinki ya fi dacewa da ita. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga yarinyar da ta shigo da ƙarfinta tana neman fita a sanyaye. A makon nan kuma Alhaji ya yanke magana: in manhaja ta sake kifewa da sunanta kafin kasuwa mai zuwa, shi ke nan, ba sai an jira ƙarshen kaka ba.

Washegari ta jawo kujera kusa da Waliyyu, ta nuna masa jan layin da bakin biro.

"Yaya Waliyyu, diba nan. Wanga layi nau ba shi yin komi, aike kawai shika yi. Shina cewa a kawo mai rabon buhuna. To wanda yay yi aike ba shi ka hwasa tulu ba. Sawun ga awa an yanke mai ƙahwa. Ina wanda anka aika?"

Ina can ina fotokofin takardar wani, amma na ga taubashina ya janye hannu daga madannai. Ya tuna da ƙusar bayan ƙofa. Ya ce mata bari ya duba, ya ɗauki kwamfutarsa ya shige ɗakin janareta, ya rufo. Na bi shi. A tsaye ya kashe dokar nan, ya sa manhaja ta sake kifewa, sai ga sawu ya fito da ƙafarsa cikakkiya. Ƙarƙashin layin Mufida akwai wani layin, kuma shi ne ja: magaji-rabo.

Abin ma ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Fayil ɗin Malam yana raba buhuna ga motocin da ke tasha. A zamanin da ya rubuta shi, ba a taɓa wayar gari babu mota ko ɗaya a kakar albasa ba, don haka bai tanadi abin da za a yi ba idan aka ce a raba kaya ga babu kowa. Manhaja ta rasa yadda za ta yi, ta kife. Da yake an hana sunan Malam fita, sai ja ya sauka a kan wanda ke tsaye kusa.

Na shafa kunnena na hagu na ce, "To, mai akuya ya bayyana."

Bai yi dariya ba. Ya zauna a kan jarkar mai ya riƙe kai. Daga nan ya shiga kawo dabaru, kowace ta fi 'yar'uwarta rauni. Ya ce zai gyara fayil ɗin a ɓoye. Na ce to Alhaji zai ce ka rufa wa yarinya asiri ne, sunanta ya ɓaci ke nan har abada, kuma kai da ko waƙafi ba ka taɓa canzawa a aikin Malam ba tare da izini ba. Ya ce to zai sa jan layi ya riƙa nuna sunansa shi Waliyyu, ya ɗauki laifin. Wannan ta fi kama da shi, har ya fara murna. Ya fita ya gaya wa Mufida cewa ta kwantar da hankalinta, laifinsa ne, zai gaya wa Alhaji.

Ta dube shi ta ce, "Wane layi na naka? Gwada mani."

Ya yi ta inda-inda.

Ta ce, "Yaya, ni ba aikin kaɗai nika so ba. So nikai in san ko kaina na aiki ko ba shi yi. In ka ɗauki laihin don tausai, gobe in nig ga ja ban sanin ko in yarda da shi. In nau na, ka bar ni in tahi. In ba nau na ba, ka gwada mani na wa na."

Ban taɓa ganin an ƙure Waliyyu irin ranar ba. Gaba Malam, baya Mufida, kuma duka biyun kara ce ke bin sa bashinsu. Ya juya kwamfutar ya nuna mata. Ta karanta, sannan ta sauke wata ajiyar zuciya mai tsawo. Ba ta ce komai a kan Malam ba, ta dai tashi ta sha furarta da ta yi tsami tun safe.

Waliyyu ya ce ba zai nuna wa Alhaji ba sai ya je ya sanar da Malam da bakinsa. Da safe muka hau babur ɗina muka nufi Mungadi, shi a baya, rungume da jakar kwamfuta kamar mai kai jariri asibiti. A hanya ya sa na tsaya a Maiyama ya sayi goro, ya sa na sake tsayawa ya sayi lemo, da ya ce in tsaya a karo na gaba na ce masa in dai ba rago zai saya ba, mu tafi.

Mun sami Malam a zaure yana gyaran igiyar guga. Ya rame kaɗan, amma murya na nan. Aka shiga gaisuwa. Waliyyu ya tambayi gida, ya tambayi gwiwa, ya tambayi ido, ya tambayi gona, ya tambayi shanu, ya dawo ya sake tambayar gwiwa. Da ya fara tambayar lafiyar maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, Malam ya ajiye igiya.

"Waliyyu, wa ya rasu?"

"Babu kowa, Allah shi gafarta Malam."

"To mi ka cikin jakka?"

Waliyyu ya buɗe kwamfuta. Ya fara da tarihin wahalar mai, ya bi ta kan halin direbobi, ya ce ai kowane ɗan Adam ajizi ne, kuma ita na'ura ba ta da tarbiyya. Ni na gaji na miƙa hannu na danna madannin. Sawu ya zubo, matakala bayan matakala, ja a ƙasa.

Malam ya ciro tabarau. Ya sa yatsa ya bi layukan daga sama, kamar yadda yake yi a da, har ya iso ƙasa. Yatsan ya tsaya a kan sunansa. Ya daɗe a haka. Waliyyu ya riga ya zame daga tabarma ya durƙusa, yana ba da haƙuri, yana bayanin dokar da ya sa shekarun baya da dalilin sa ta.

Malam bai ko dube shi ba. A hankali ya ce, "Ashe ina nan ciki."



Ya ce, "Kullum in na zo kasuwa sai in diba, in ga sunanka, in ga na wasu, ban ganin nau. Sai nac ce yaro ya samu ilimin zamani, ya kwashe tarkacen tsoho ya zubar, kunya ta hana shi hwaɗa mani. Ban ga laihinka ba. Amma mutum ba shi zama inda ba a bukata tai, shi ya sa nid daina zuwa. Kai kuma kana ta aiko mani man zahi."

Waliyyu ya sunkuyar da kai. Hawaye ne suka zubo masa, ni kaina sai da na juya ina duban igiyar guga kamar ban taɓa ganin igiya ba. Duk shekarun nan fayil ɗin Malam ne ke raba kowane buhu da ya bar Aliero ta hannun ƙungiyar, shi kuwa yana zaune a Mungadi yana zaton an yi jana'izar aikinsa ba a gayyace shi ba.

Malam ya sake matsawa kusa da kwamfutar, sai ga shi yana murmushi. "Raba kaya ga babu kowa. Kai, Magaji, ka yi wauta. Wa yag gano?"

Waliyyu ya ba shi labarin Mufida, da jan layin da ya yi ta sauka a kanta, da wa'adin Alhaji. Nan murmushin ya ɗauke.

"Wato ka rufe ni da zane, ka bar ɗiyar mutane cikin rana. Tashi ka zauna daidai, durƙuson ga ba ni ka bin ka shi ba."

Ranar kasuwa tun da hantsi kabu-kabu ya sauke Malam a ƙofar shago. Kujerar robarsa na nan, na goge ta da kaina. Ya sa aka kira Alhaji Umar Faruk, ya sa Mufida ta zauna a gaban kwamfuta, ya ce a kifar da manhaja kowa ya gani. Taubashina, da yake mai hali ba ya fasa halinsa, ya riga ya yi wani ƙoƙarin: ya dawo da layin Malam, amma ya ba shi launin kore mai sanyi, da ƙananan haruffa.

Malam ya leƙa ya ce, "Mi wanga? Ganyen lawashi? Sa mani ja awa na kowa. Kuma ƙara mai girma, idona ba shi ganin ƙanana."

Waliyyu ya sa ja, ya ƙara girma, yana yi kamar ana zare masa haƙori. Sunan ya cika rabin fuskar kwamfuta. Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa inda ya saba, ya karanta, ya gyara hula, ya sake karantawa.

Malam ya ce, "Alhaji, kac ce ka san ja. To ga shi. Laihina na, tun kahin wagga yarinya ta gama firamare. Ita tag gano, mu biyu da munka girme ta ba mu gano ba."

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce ai dama shi ya ga alamar natsuwa a tattare da ita tun ranar farko. Babu wanda ya tanka masa, don a shagon nan an san darajar babba. Ya ƙara da cewa maganar wa'adi a bar ta, yarinya ta ci gaba da aikinta, ya fita da sauri wai ana jiran sa a tasha.

Aka bar mu da fayil ɗin da ke bukatar gyara. Waliyyu ya buɗe shi ya ja da baya, ya sa hannu a aljihu. Mufida ta ɗora yatsu a kan madannai, sannan ta janye, ta dubi Malam.

"Malam, in taɓa?"

"Taɓa, ɗiyata. Ni na gaji da zama inda ba a taɓa ni."

Ta rubuta 'yan layuka: idan babu mota a tasha, kada a raba komai, a tura wa manoma saƙo su bar albasarsu a rumbu sai an neme su. Ta gwada, manhaja ta tsaya da ƙafarta. Ba a jima ba wayar wani manomi da ke jiran hoton fasfo a benci ta yi ƙara, ya duba ya ce to, Allah ya hutar da jakinsa yau.

Malam ya ce ta rubuta sunanta a cikin fayil ɗin, ƙarƙashin nasa, don in ta sake kifewa a san su biyu za a nema. Ta rubuta. Ya cire tabarau ya mayar aljihu, ya gyara zama a kujerar roba, ya dubi Waliyyu da ke tsaye har yanzu hannu a aljihu.

"Man zahin nan ka bar aikowa. Kasuwa mai zuwa ni ka zuwa in karɓa da kaina."